Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka sauya manhajar haɗa kiɗa

Duk mai haɗa kiɗa da kwamfuta yana da manhajar da hannunsa ya saba da ita. A cikinta yake jera ganguna, ya naɗi murya, ya tace sauti. Wata rana sai zuciya ta fara raya masa cewa ta wane ta fi tasa.

Shin akwai wadda sautinta ya fi daɗi?

Babu. Idan ka zuba sauti iri ɗaya a manhajoji biyu, ka daidaita ƙarfinsa, kunne ba zai raba su ba. Bambancin yana ga kayan kiɗan da kowace ta zo da su, da hanyar da take bi da kai wajen aiki. Marigayi Avicii da FL Studio ya yi suna, Skrillex kuma da Ableton Live.

To me ya raba su?

FL Studio ta kamfanin Image-Line ce a Beljiyam. Da FruityLoops aka san ta kafin a sauya mata suna a 2003. Ƙarfinta yana wajen jera ganguna da zana karin waƙa da linzamin kwamfuta, kuma wanda ya saya sau ɗaya zai riƙa samun sababbin fitowa kyauta har abada. Ga matashin da ke tara kuɗi da ƙyar, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ableton Live ta fito daga Jamus a 2001, an gina ta ne domin mai kiɗa a gaban jama'a: ka kunna guntayen kiɗa suna maimaituwa, kana ƙarawa kana ragewa ba tare da tsayawa ba. Cubase ta girme su, tun 1989 take, kuma masu naɗar murya da masu kaɗa fiyano suna jin daɗinta. Logic kuwa, tunda Apple ya sayi kamfaninta a 2002, sai a na'urorin Apple. Reaper ba ta da nauyi, lasisinta na mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne.

Me za ka rasa idan ka koma?

Nan ne maganar take. Aikin da ka ajiye a FL Studio ba zai buɗe a Ableton ba. Kayan kiɗan da manhajar ta zo da su galibi a can za su tsaya. Waɗanda ka saya daban, masu tsarin VST da kamfanin Steinberg ya ƙirƙiro a 1996, za su bi ka kusan ko'ina, amma Logic ba ta karɓarsu, nata tsarin AU ne.

Babbar asarar ita ce saurin hannu. Abin da kake yi ido rufe zai koma sai ka yi lalube, ga mawaƙi zaune yana jira, alhali ya biya kuɗin situdiyo. A ganina, kada mutum ya sauya sai ya iya faɗin takamaiman abin da manhajarsa ta kasa yi masa. Gundura kaɗai ba dalili ba ce.

Idan ka yanke shawara fa?

Kammala ayyukan da ke hannunka tukuna. Fitar da kowane layin sauti daban a tsarin WAV, duka daga farkon waƙar, tare da MIDI ɗinsu, ka rubuta saurin kiɗan. Kada ka goge tsohuwar manhajar, domin mawaƙi kan dawo bayan shekara yana neman gyara. Duba kuma abin da abokan aikinka suke amfani da shi, a Kano kake ko a Jos, domin da su za ka riƙa musayar aiki.

Sannan ka gwada kafin ka biya. Reaper tana ba da kwana 60 na gwaji, FL Studio kuma tana bari ka yi aiki ka ajiye, sai dai ba zai sake buɗuwa ba sai ka saya. Haɗa waƙa guda cikakkiya a sabuwar, daga gangar farko har tacewar ƙarshe, kafin ka fitar da ko kwabo.