Tsohuwar Kombi, Tukunyar da Ba Ruwa

Duk mai girki ta san tukunyar alminiyam ba ta ƙonewa muddin da ruwa a cikinta, ruwan ne ke ɗauke zafin. Haka mota mai lagireto take. Ita kuwa tsohuwar Kombi ta Volkswagen, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1950, tukunya ce da aka ɗora a murhu ba ko ɗigon ruwa. Injinta na can baya, fanka ɗaya ce tal ke yi masa fifita, fanbel na juya ta.

Kan silindar injinta shi ma alminiyam ne. In zafinsa na wajen digiri 150 zuwa 180, lafiya lau. Da ya haura 200 ya zauna a can, to gindin tukunya ya fara cin wuta. Akwai zoben ƙarfe da aka dasa a cikin alminiyam ɗin, wanda bawul ke zama a kai. Alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa in ya sha zafi, sai zoben ya saki, ya faɗa kan fistin, inji ya buga. Silinda ta uku ta fi shan wahala a injinan kafin 1971, domin abin sanyaya baƙin mai ya tsaya mata a hanyar iska.

Abin da ya fi damuna shi ne Kombi ba ta gargaɗi. Tukunya mai ruwa takan tafasa, murfi ya yi ƙara, tururi ya tashi, a ruga a rage itace. Busasshiya kuwa shiru take yi, sai dai a ji ƙauri. Kombi ko agogon zafi ba ta zo da shi ba.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga makanike ya cire gwangwanayen da ke rufe injin, ko robar da ke zagaye shi, wai suna hana shi aiki. Su ne fa ke bi da iska inda ake bukata, su hana fanka sake zuƙar zazzafar iskar da ta fitar. Direba kuma, in ka ɗauko lodi za ka hau tudu, rage giya. A babbar giya inji na nishi, wuta na ƙaruwa, fifita na raguwa. In jar fitilar caji ta kama kana tafe, tsaya nan take ka duba fanbel, domin in ya tsinke fanka ta tsaya ke nan.