Fyaɗe: Sha'awa Ce Ko Fin Ƙarfi?

Wanda ya kama hanyar Zariya daga Kano, in ya wuce Kura da gonakin rani na Kadawa da Garun Malam, zai tarad da Kwanar Dangora. A nan ne cikin watan Yuni na 2020 'yan sanda suka kama wani mutum da aka tuhuma ya yi wa mata wajen 40 fyaɗe cikin shekara guda. Cikinsu har da tsohuwa 'yar shekara 80, da yara 'yan shekara 10.

Ko da labarin ya bazu sai aka yi ta cewa sha'awa ce ta rinjaye shi. A watan Satumba na wannan shekara Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a kan dokar dandaƙe masu fyaɗe a Jihar Kaduna, watau su ma can sha'awar suka ɗora wa laifi.

Masana na Amurka sun daɗe suna wannan gardama. A 1975 Susan Brownmiller ta rubuta littafi tana cewa fyaɗe hanya ce ta tsorata mata da mallake su. A 2000 kuwa Thornhill da Palmer suka ce a'a, tushensa sha'awa ce.

Amma fa malamanmu na Malikiyya sun riga su nisa. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi na Andalus, wanda ya rasu a 1148, ya sa ƙwace mace da makami cikin babin hiraba, watau fashi, har ya ga ya fi fashin dukiya muni. Imamu Malik kuma ya ɗauke wa wadda aka tilasta haddi, ya wajabta wa mai laifin biyanta sadaki.

Ni dai a ganina sha'awa tana ciki, ba musu. To, amma wane namiji ne ba shi da ita? Abin lura shi ne wadda ake zaɓa: tsohuwar da ba ta iya ihu, yarinyar da ba za a gaskata ba. Kura ai ta san gidan mai babbar sanda.

Ku duba lokacin tumatir a yankinmu. Yarinya ta ɗauki tallan abinci tun da safe, ta ratsa gonaki ita kaɗai zuwa wajen 'yan ƙwadago. Wata tana tsinkar tumatir, ladan wuninta yana hannun mai gona. In wani abu ya faru, sau da yawa iyaye su ke fara roƙon a rufa asiri don kada ta rasa miji, mai laifi kuwa da wannan ya dogara tun farko.

Mu malamai kada mu ce ba ruwanmu, gama maki da bulala duk suna hannunmu. Abin da na kan gaya wa ɗaliban kwalejin horon malamai shi ne, kada malami ya kira ɗaliba ofis ita kaɗai, kada ya aike ta gidansa. Kowace makaranta kuma ta ware malama guda wadda yara za su kai wa ƙara, ita kuma ta rubuta ta kai gaba ko da wanda aka ambata shi ne shugaban makarantar.