Sauyin Ra'ayin 'Yan Wasan Kwamfuta Game da Rangwamen Farashi

Manufar wannan takarda ita ce nazarin yadda ra'ayin masu sayen wasannin kwamfuta ya sauya dangane da rangwamen da kasuwannin intanet ke yi musu. Za mu fi mai da hankali ne ga Steam, watau kasuwar da kamfanin Valve na Amurka ya buɗe a 2003, domin ita ce mafi girma, kuma a cikinta ne wannan al'ada ta bunƙasa. Abin da muke son nunawa shi ne, rangwame ya faro ne tamkar buki, amma yawan maimaita shi ya koya wa mai saye jira, har ya daina ɗaukar farashin farko a matsayin farashi na gaskiya.

Ya kamata mu fara da dalilin da ya sa irin wannan ragi ya yiwu. Wasan da ake saukewa ta intanet ba ya bukatar faifai ko kwali, ba kuɗin dako, ba kuma ya tsare wuri a kanti. Da zarar an gama ƙera shi, kowane kwafi na gaba kusan ba ya cin komai. Saboda haka, ragin da zai karya ɗan kasuwa mai kaya a shago, a nan riba ce. Shugaban Valve, Gabe Newell, ya bayyana wannan a wani taro a 2009, inda ya ce da suka rage rabin kuɗin wasan Left 4 Dead a ƙarshen wani mako, cinikinsa ya tashi da kashi 3,000 cikin ɗari. Ya ƙara da cewa ragin kashi 10 ya kawo ƙarin kuɗin shiga na kashi 35, amma ragin kashi 75 ya kawo ƙarin kashi 1,470. Ke nan, iya zurfin ragi iya yawan kuɗin da ke shigowa.

Daga 2010 zuwa 2015 sai abin ya zama hidimar shekara-shekara. A manyan rangwamen bazara da na hunturu akan sauya farashi kowace rana, wasu ma ragin nasu na 'yan sa'o'i ne kurum. Wannan ya sa mutane suka riƙa leƙa kasuwar safe da dare don gudun kada garaɓasa ta wuce su. A 2010 ne kuma aka fito da Humble Indie Bundle, inda akan haɗa wasanni da dama a ce wa mutum ya biya abin da ya ga dama. Sakamakon wannan rububi ya fito fili a 2014, sa'ad da mujallar Ars Technica ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 37 cikin ɗari na wasannin da ke cikin asusun masu amfani da Steam ba a taɓa ko buɗe su ba. A ganinmu wannan adadi shi ne ya fi kowane bayyana halin wancan lokaci: sayen da kansa ya zama wasa.

A watan Yuni na 2015 Valve ya ba da damar mai da wasa a karɓi kuɗi, muddin ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba a buga shi fiye da sa'a 2 ba. Kafin shekarar ta ƙare sai aka daina ragin 'yan sa'o'i. Alaƙar abubuwan biyu ba ta da wuyar ganewa, domin wanda ya sayi wasa jiya, yau ya ga an ƙara karya shi, zai mayar ne kawai ya sake saye. Tun daga nan farashin ranar farko ta rangwame shi ne na ranar ƙarshe. An sauƙaƙa wa mai saye, amma an raba shi da ɗoki.

Har ila yau, mai saye ya sami ilmin da a da sai ɗan kasuwa ke da shi. Shafuna irin su SteamDB da IsThereAnyDeal suna adana tarihin farashin kowane wasa, don haka ragin kashi 50 ba ya burge wanda ya san bara an yi na 75. Yakan sa wasan cikin jerin waɗanda yake sha'awa, ya jira saƙo. Sa'an nan a Disamba 2018 kamfanin Epic Games ya buɗe tasa kasuwa yana raba wasanni kyauta, kuma takardun da suka fito a shari'arsa da Apple a 2021 sun nuna ya biya masu wasannin dala miliyan 11.6 a watanni tara na farko. A 2019 Microsoft ya kawo tsarin Game Pass zuwa kwamfuta, watau biyan kuɗin wata don buga wasanni masu yawa. Ragi, komai zurfinsa, ba ya gasa da kyauta. Ga kuma yawa: a 2023 kaɗai wasanni fiye da 14,000 aka fitar a Steam. Abin da ya yi wa ɗan wasa ƙaranci yanzu lokaci ne.

Wannan jira yana da illa ga ƙananan maƙera, waɗanda suka dogara ga cinikin makonnin farko don biyan ma'aikata. Wasu sun bijire. Kamfanin Wube na ƙasar Cek, mai wasan Factorio, ya ƙi yin rangwame sam, a 2023 ma ƙara farashi ya yi daga dala 30 zuwa 35, wasan kuwa bai rasa masu saye ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, sai dai ba kowane wasa ne ke da farin jinin da zai jure wannan tsayuwar daka ba.

Akwai kuma tambayar da ta taso daga baya, watau mene ne ainihin abin da aka saya? A ƙarshen Maris 2024 Ubisoft ya rufe na'urorin da wasan The Crew ya dogara gare su, waɗanda suka biya kuɗinsu suka wayi gari ba su iya buga shi. A watan Satumba na shekarar jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta tilasta wa masu sayar da kayan intanet su fayyace wa mai saye matsayinsa, kuma a Oktoba Steam ta fara rubutawa a wurin biyan kuɗi cewa lasisi ne kurum mutum ke saye. Wanda ya tara wasanni ɗari biyar a shekarun rububi yana zaton dukiya ya ajiye, ashe izinin amfani ne ya tara, ba shi da ikon sayar da ko guda ga wani.