Riƙe Azanci Kafin Ya Kuɓuce: Dabarun Baka da na Rubutu

Azanci ba ya sallama. Yakan faɗo wa mawaƙi ko mai ƙaga labari yana tsakiyar huɗa, ko bisa hanyar kasuwa, ko barci na fizgarsa, inda babu alƙalami kusa. Tambayar da ta shafi masu tsara karatun manya ita ce: ta yaya ake riƙe shi kafin a kai ga takarda?

1. Iyakar ƙwaƙwalwa

Gwajin da Peterson da Peterson suka yi a Amurka a 1959 ya nuna cewa haruffa uku kacal, idan aka hana mutum nanata su, galibi sukan ɓace masa cikin daƙiƙa 18. Ke nan duk abin da ba a maimaita ba, ba a kuma ɗaure shi da wani tsari ba, ba ya daɗewa a ka.

2. Dabarar baka

Mawaƙan Hausa sun daɗe da sanin maganin wannan: sukan zuba tunanin cikin kari nan take. Gaɓar Hausa iri biyu ce, marar nauyi (baƙi da gajeren wasali) da mai nauyi (mai dogon wasali, ko mai ƙarewa da baƙi). Jerin gaɓoɓin shi ne ma'auni. In kalma ta sulluɓe, gurbinta yana nan, shi zai kira ta. Amsa-amo ma haka yake aiki. Makaɗi kuwa yana da ƴan amshi: ya jefa musu ɗango, su riƙe masa. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma a ka ya tsara Imfiraji, wasu suka rubuta.

3. Matsalar rubutun gaggawa

Ƙa'idojin boko da aka daidaita a Bamako a 1966, aka sake dubawa a Yamai a 1980, ba sa nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Mai sauri kuma yakan yar da lanƙwasa. Wanda ya zana "baki" shi kaɗai, bayan mako guda ba zai tantance ba: bakin magana ne, baƙin launi, ko baƙin da suka sauka? "Gari" ma haka: na zama ko na tuwo? Ajami ya fi sauƙi a nan, domin alif da wawu da ya suna nuna dogon wasali.

4. Shawara

Abu uku ya kamata a koya a cibiyoyin yaƙi da jahilci. Na farko, a rubuta ɗango ko jimla cikakkiya, domin maƙwabtan kalma su ke fayyace ta. Na biyu, a rera tunanin cikin wayar salula in hannu bai sarara ba, tunda murya tana adana sautin da takarda ke zubarwa. Na uku, a bar gyaran ƙa'ida sai an natsu. Sabon ɗalibin da ya tsaya kokwanton raba kalmomi, kafin ya yanke shawara baitin ya tafi.