Banifandou: Yadda sharar ƙofar gida ke kashe awaki da toshe magudanan ruwa

A unguwar Banifandou da ke birnin Yamai, kamar sauran unguwannin da motar shara ba ta shiga lungunansu, yawancin gidaje sun dogara ne da matasa masu amalanke. Su ke bi gida-gida suna kwasar shara zuwa bola, ana biyan su. Matsalar tana faruwa ne tsakanin lokacin da aka fitar da sharar da lokacin da mai amalanke ya iso.

Idan aka ajiye buhu ko rabin duro a ƙofar gida tun da dare, kafin gari ya waye awaki da tumaki da karnuka sun riga kowa zuwa. Su tone, su watsar, iska ta kwashi leda ta zuba a kwata. Da damina ta kankama tsakanin watan Yuni da Satumba, ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a titi, sauro ya samu gida.

Dabbobin ma ba su tsira ba. Akuya na haɗiye leda saboda ƙanshin abincin da ya rage a ciki. Ledar ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi, dabbar ta riƙa ramewa har ta mutu. Ga matar da ke kiwon rago don Sallar Layya, wannan asarar jarinta ce gaba ɗaya.

Dokoki dai akwai su. Nijar ta kafa dokar tsaftar jama'a a 1993, sannan a 2014 ta haramta kerawa da shigowa da sayar da leda mara kauri. Sai dai har yau a baƙar leda ake ƙulla tumatir da ƙosai.

'Yan Nijar mazauna Amurka da Kanada sun san wata dabara. A garuruwa da dama da ke bakin daji, inda dabbar beyar ke shigowa neman abinci, doka ta hana fitar da kwandon shara sai safiyar ranar kwasa, ko kuma a yi amfani da mai murfin da ke kullewa. Wanda ya saɓa ana cin sa tara.

Wannan tsari ba ya buƙatar kuɗi mai yawa a Banifandou. Magidanta da mai unguwa da masu amalanke na iya tsayar da rana da sa'ar kwasa, shara ta zauna cikin gida a rufe har sai an ƙwanƙwasa ƙofa, masu kiwo kuma su ɗaure dabbobinsu.