Maƙoƙo a Kura da Bunkure: Jini Kan Riga Ido Gani

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ke bin kanal zuwa gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, shinkafa da tumatir da alkama suka zama arzikin yankin. In ana zancen lafiya a nan, zazzaɓin cizon sauro da tsargiya ake fara ambata. Maƙoƙo kuwa ba a kula shi sai wuya ya kumbura, alhali jini ya daɗe da nuna alama.

Ƙwayar da ke gaban maƙogwaro, wadda likitoci ke kira tayirod, tana sarrafa sinadarin aidin ta fitar da T4 da T3, masu daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da narkar da abinci. Wata 'yar ƙwaya a gindin ƙwaƙwalwa ce ke ba ta umarni da sinadarin TSH. Kamar manomin da gonarsa ke ƙarshen kanal ne: gwargwadon ƙarancin ruwa, gwargwadon aiken da zai yi ta turawa a buɗe ƙofa. Shi ya sa in TSH ya haura, T4 ya sauka, ƙwayar ta gaza: sai kasala, jin sanyi, ƙiba, rikicewar al'ada, wani lokaci ɓari. In TSH ya yi ƙasa ƙwarai, T4 ya hau, aikinta ya wuce kima: rama duk da ci, faɗuwar gaba, rawar hannu, gumi. Mata ne abin ya fi kamawa, kuma abin takaici, da yawa sukan daɗe suna shan maganin taifod, ko a ce iska ce.

Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993, matakin da ya rage maƙoƙo sosai. Sai dai gishirin da aka baje a rana da danshi yakan rasa aidin ɗinsa, kuma mai juna biyu tana buƙatar maikirogiram 250 kullum, a maimakon 150 na sauran manya. Akwai kuma abin da ya shafi manomin rani kai tsaye. Maganin feshi mancozeb, da ake yi wa tumatir, yana rikiɗa ya zama sinadarin da ke tauye aikin tayirod. Duk wanda ya ga matashi na feshi ba takunkumi ba safar hannu, ya san wannan ba zancen littafi ba ne.

In ƙulli ya fito a wuya, TSH kaɗai ba zai bambanta ciwon daji da kumburi mara illa ba. Sai an sa siririyar allura an zuƙo ƙwayoyin nama an duba. Bayan an cire ƙwayar saboda daji, ana bibiyar sinadarin tayirogulobulin a jini, domin hawansa na iya nuna cutar ta dawo. Irin wannan aiki sai manyan asibitoci kamar na Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Amma ɗaukar jini don gwajin TSH bai kamata ya zama sai an yi doguwar tafiya ba. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta samar da shi a asibitocin Kura da Bunkure, ta fara da ɗakin awon ciki.