Hasashen Hazo Ba Duba Ba Ne

Duk lokacin da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, ta yi gargaɗin cewa hazo mai kauri zai lulluɓe Katsina da maƙwabtanta cikin kwana uku, sai ka ji ana gunaguni a majalisu. Wasu su ce ma'aikatan sun shiga gaibu, wasu su ce ai kowa ya san hunturu da ƙura. Duka biyun ba su fahimci aikin ba.

Hazon da ke rufe Daura yana da mahaifa. Mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon Tafkin Chadi ya ƙafe tun dubban shekaru ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Idan iska mai nauyi ta taru a saman Sahara, sai ta kwararo ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta matsu, ta ƙara gudu, ta kwashi ƙurar ta nufo kudu maso yamma. Tauraron ɗan'adam na Meteosat yana ɗaukar hoton yankin kowane minti 15. Masani ya ga ƙura ta tashi, ya auna gudun iska, ya lissafa cewa cikin kwana ɗaya ko biyu za ta iso Kongolam da Mai'aduwa. Wanda ya hango hadari ya ce a kwashe shanya, wa ya taɓa kiransa boka?

Abin takaici, mu da muke zargin masana mun yi watsi da namu gadon. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna ƙidayar taurari 28, kusan kowane da kwana 13, bakwai-bakwai a bazara da damina da kaka da ɗari. Da wannan lissafi manomi yake sanin lokacin sharar gona, da lokacin da sanyi zai yi tsanani har ruwan randa ya gagari hannu da asuba. Tsofaffi a ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu suna duban launin rana da safe, da yadda leɓe ke tsagewa, su ce yau a rufa wa yara kai. Wannan lura ce ta shekara da shekaru, kuma ita ce uwar kimiyyar yau. Masu ilimin suna ƙarewa, jikokinsu ba su karɓa ba. Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura. Me zai hana ɗalibansu su zauna gaban dattawan nan su rubuta abin da suka sani, su gwada shi da awon na'ura?

Batun kuwa na rai ne. Idan hazo ya yi kauri har ido ya kasa ganin kilomita ɗaya, jiragen sama sukan fasa sauka, direban da ya taso daga Daura zuwa Kano ta Kazaure kuma yana tuƙi cikin haɗari. Mai asma yana kwana zaune. Saboda sanyi, uwa ta shigar da kaskon gawayi ɗaki ta rufe ƙofa da taga, hayaƙi ko gobara ta yi ɓarna. Busasshiyar iska da ƙura suna raunata hanci da maƙogwaro, su buɗe wa sanƙarau ƙofa, cutar da ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya a 1996.

Gargaɗin da ya tsaya a intanet cikin Turanci bai kai ga mai jaki a kasuwar Mai'aduwa ba. Wajibi ne hukuma ta riƙa fitar da shi da Hausa a rediyo kowace safiya, a ƙara wuraren awon yanayi a ƙananan hukumomin masarautar Daura. Ya kamata Fadar Sarkin Daura ta umarci hakimai da dagatai da limamai su isar da shi ga talakawa. Kai kuma mai karatu, idan ka ji an ce hazo na tafe, ka tanadi takunkumi, ka fitar da wuta daga ɗaki kafin barci, ka sanar da maƙwabcinka.